Ranar da Gwaggo Hansai Ta Zo Gwada Ƙashina

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Sunana Sakinatu, daga unguwar Gardolé nake rubuto muku, nan cikin Njamena. Ban taɓa rubuta labari ba sai yau. In kun ga na cika bayani ku yi haƙuri, ciwona ke nan. Shi ne ma ya jawo duk abin da za ku ji.

Ni irin 'yan matan nan ce da za su cinye littafi mai kauri kamar bulo a zama ɗaya, amma baƙo na yin sallama sai su nemi bayan ƙofa. Ina karatun ilimin halittu a fac, wato jami'a. Babana, Baba Idi, mahauci ne, yana da rumfarsa a kasuwa. Kakanninmu hanyar Makka suka kamo da ƙafa daga ƙasar Daura, suka tsaya bakin kogin Shari su ɗan huta, to har yau hutun ake yi.

Wanda ke nemana kuwa sunansa Kamaluddeen, ɗan unguwar Lamadji, gidan dillalan shanu. Dogo ne, jallabiyarsa kullum a goge kamar ba a zama da ita, turarensa na riga shi shigowa zaure. Ya kawo wa Baba shanu ne ya gan ni na leƙo da littafi a hannu. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami, ƙanwar babansa, Gwaggo Hansai, ita ta raine shi. Duk abin da na tambaye shi, ko launin labulen da za a sa a ɗaki ne, sai ya yi murmushi ya ce, "Bari in ji ta bakin Gwaggo." A lokacin na ɗauka ladabi ne. Har daɗi nake ji, wai na sami mai biyayya.

To ga inda maganar ta samo asali. Akwai wata malamarmu, Daktora Sharifa, likitar mata ce, tana da ɗakin duba marasa lafiya a Klémat. Wata rana ta shigo aji ta ce tana wani bincike, tana neman mata masu sa kai, manya da yara. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar, amma na makara, idonmu ya haɗu. Ni kuwa ban iya cewa a'a ba ko ga mai tallan gyaɗa.

Aka ɗebi jinina, aka sa dunduniyata cikin wata na'ura mai sanyi. Da na koma karɓar sakamako ta zaunar da ni ta ce, "Sakina, akwai wani sinadari a jinin mace, AMH muke ce masa. Ƙananan ƙwayayen haihuwa ne ke fitar da shi, don haka yana nuna mana ko rumbun ya cika ko ya fara ja baya. Naki ya ɗan yi ƙasa da na sa'o'inki."

Na ce, "Daktora, ba zan haihu ba ke nan?"

"Wa ya ce miki haka? Ba ya faɗin wannan. Mata da yawa masu irin naki goyo suke yi suna ƙarawa. Abin da muke bi shi ne wani abu dabam. Wadda nata ya yi ƙasa da wuri, mai yiwuwa al'adarta ta ɗauke da wuri. In ta ɗauke kuma, abin da ke tsare ƙashi a jikin mace sai ya ja baya, ƙashi ya riƙa zama kamar soso a hankali, ba ciwo ba alama. Muna so mu gani ko wannan gwajin zai iya gargaɗin mace tun tana da sauran lokaci. Bincike ne, ba hukunci ba. Ƙashinki yau lafiyarsa lau. Ki sha nono, ki ci kifi, ki riƙa tafiya da ƙafa, ki dawo mu sake dubawa."

Na yi ɗan kuka a bayan mai clando, wato ɗan acaɓa, iska na share min hawaye. Da na isa gida na karance duk abin da aka taɓa rubutawa a kan maganar, hankalina ya kwanta, har abin ya fara burge ni. Kun ji matsalata. Abu in ya burge ni, bakina ba ya riƙe shi.

Ranar da matan gidan su Kamaluddeen za su zo ganina, Inna ta tashe ni tun da hantsi. Aka murje ni da dilke har fatata ta yi kuka, aka turara ni kamar kifin da za a kai kasuwa, aka cusa min shebe, haɗin man gashin nan namu, a kai. Inna ta naɗa min laffaya ruwan zuma mai ɗigon zinare a baki, ta ja kunnena.

"Sakina, abu uku nake so daga gare ki. Gaisuwa, murmushi, shiru."

"To, Inna."

"Ban da boko. Kin ji ko? Ban da boko!"

Gwaggo Hansai ta shigo da mata biyu a bayanta. Gajeriya ce, ta ɗan duƙa ta wajen kafaɗa, amma muryarta ta cika tsakar gida har kajinmu suka watse. Laffayarta shuɗiya na jan ƙasa, tana tattare ta tana yi wa Innata, Batulu, mita.

"Masu kantin yanzu sun lalace, Batulu. Laffaya suke ƙara wa tsawo. Da, ina naɗa ta ta tsaya min daidai idon sawu."

Na ce a raina, Gwaggo, ba laffayar ce ta ƙara tsawo ba. Amma na tuna abu uku.

Na durƙusa na gaishe ta. Maimakon ta amsa, sai ta cafki wuyan hannuna ta zagaye shi da yatsa biyu, ta matsa, ta juya shi, ta latsa kafaɗata, daidai yadda na ga ana yi wa karsana a kara. Saura kaɗan ta buɗe min baki ta duba haƙora.

"Hmm. Ɗiyar mahauci, ga nama a gida, amma ba nama a jiki. Me ake karanta miki a makarantar ne da ya tsotse ki haka?"

Jama'a, da tambayar girki ta yi min, da na tsira. Amma karatu ta tambaya. Tsoro ya kama ni, ni kuma in tsoro ya kama ni ba shiru nake yi ba, zuba nake yi. Na ji bakina ya buɗe da kansa. Na faro daga ƙwayayen haihuwa, na bi ta kan rumbu, na gangara kan ƙashi da soso. Ina ganin Inna na ƙifta min ido kamar ƙwaro ya faɗa mata, amma mota ta riga ta tsinke a gangare. Sai na ji kaina ina cewa, har da murmushi, "Ni ma an gwada nawa, Gwaggo. Ya ɗan yi ƙasa, amma Daktora ta ce..."

Abin da Daktora ta ce, babu wanda ya ji shi har yau.

Ɗaya daga cikin matan ta dire kofin shayi. Gwaggo Hansai ta saki hannuna kamar ta taɓa garwashi.

"Rumbu ya yi ƙasa. Ƙashi ya zama soso. Da bakinta ta faɗa, ko ba ku ji ba?"

"Hajja, yarinya ce, karatu ne ya yi mata yawa," in ji Inna.

"Ai na gani. Ni da kike gani, Batulu, tun ina da shekara talatin da takwas na yi sallama da al'ada. Azumina ba ya yankewa, sallata ba ta yankewa, likita bai taɓa ganin launin jinina ba. Ga ni nan garau kamar icen gawo!" Ta bugi ƙirjinta.

Talatin da takwas. Na dubi duƙaƙƙen bayanta, na dubi laffayar da ke jan ƙasa, gabana ya faɗi. Lokacin da ya kamata in yi shiru na yi magana. Yanzu da ya kamata in yi magana, harshena ya manne.

Kafin la'asar, labari ya zaga Gardolé ya tsallaka Lamadji ya dawo da 'ya'ya. A wajen mai famfo an ce ƙwaina ya ƙare. A wajen mai kitso an ce ƙashina ruɓewa yake yi, in an rungume ni zan marmashe kamar kisar busasshe, siririyar gurasar nan tamu. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Sannu, Sakina, ya jikin?" tana kallona kamar tana auna likkafani.

Na rubuta wa Kamaluddeen.

"Ya Kamal, ka ji abin da ya faru?"

"Na ji, habibti."

"Ba yadda aka faɗa ba ne. In yi maka bayani?"

Ya turo hoton hannu biyu a haɗe.

Na yi masa bayanin duk da haka, dogon saƙo, har da hoton ƙashi mai lafiya da marar lafiya. Alamar nan ta zama shuɗiya, ya karanta. Sai can ya rubuto, "Connexion ba kyau a nan. Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

Mafi alheri! Mutumin da a watan jiya ya rubuto min cewa in ba ni ba sai kogin Shari. Daga ranar, zance ya tsaya. Hotonsa na kan waya ya koma hoton wani bijimi.

A gida kuwa, Inna ta yanke hukunci irin na gidan mahauta: ciwon ƙashi, maganinsa ƙashi. Kullum Baba zai dawo da ƙafafun sa a buhu, a ɗora tukunya tun safe. Romon ƙashi da safe, romon ƙashi da rana, ɓargo a kan tuwo, ɓargo a cikin burodi. Kayana suka koma warin kitse, littattafaina suka yi tabon mai.

"Inna, Daktora nono ta ce da kifi."

"Daktora ta taɓa fiɗar sa? Sha!"

Ana cikin haka Gwaggo Hansai ta aiko. Wai ita ba azzaluma ba ce. A gidansu tun kaka da kakanni akwai abin da ake yi wa yarinya kafin a sa rana: a dafa ƙashin ƙwaurin sa, a ba ta ta fasa shi a kan dutsen niƙa, ta fitar da ɓargon ta miƙa wa babbar gida. Macen da ta fasa, ƙashinta ya nuna. An daɗe da barin abin, amma saboda ni za a farfaɗo da shi. Kun ga gata.

Na ce wa Inna ba zan yi ba. Ta ce in ban yi ba, na tabbatar wa duk unguwa ke nan, kuma ba Kamaluddeen kaɗai ba, ko mai gyaran taya ba zai ƙara tsayawa a ƙofarmu ba. Gaskiyar da ba na son faɗa muku ita ce, ina son yaron nan. Ina so ya zo ya tsaya a zaure ya ce, ni na gani, ni nake so, a bar ƙashin sa ya huta. Abin da nake jira ke nan, ba wani abu ba.

Abin da ya zo shi ne saƙo: "Ki daure ki fasa kawai a wuce wurin." Da hoton dantse mai ƙwanji.

Baba bai ce komai ba sai da yamma, yana wanke hannu a bakin rariya. Ya kira ni da ƙaramar murya.

"Uwata, zo nan. Ƙashin nan fa sana'ata ce. In na bi shi da bakin zarto ta ciki, siriri kamar gashi, na shafe da kitse, ko tsohon dillali ba zai gani ba. Kina taɓa shi zai buɗe kamar gyaɗa."

"Baba, ha'inci ne fa."

"Ha'inci ne a ɗauki 'yar mutum a mayar da ita kasuwar kara."

Na rungume shi, duk da warin rumfa. Amma Gwaggo ta riga mu. Ta aiko cewa da ƙashinta za ta zo, dafaffe daga Lamadji, don ba a ba kura ajiyar nama, ba a kuma ba mahauci ajiyar ƙashi.

Ranar ta zo da zafin nan na Njamena da ke sa ƙadangare neman inuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiya, aka kawo karkanji, wato zoɓo, mai ƙanƙara a manyan kofuna. Maƙwabta suka cika gida, kowa da dalilinsa. Wata wai aron rariya ta zo, ta zauna da rariyar a cinya. Kamaluddeen ne ya kawo su Gwaggo a mota, amma bai shigo ba. Ina hango shi ta ƙofar zaure, gilashi a rufe, sanyi na kaɗa shi, kansa a kan waya.

Aka buɗe kwano. Wallahi ban san wane irin sa ba ne wannan, sai dai in da giwa aka haɗa iri. Ƙashi ne kamar taɓarya, sai sheƙin mai yake yi.

"Bismillah, ɗiyar Idi," in ji Gwaggo, tana zaune a kan 'yar kujerar tsuguno.

Na naɗe laffayata a ƙugu, na kama shi da hannu biyu, na rufe ido, na maka a kan dutse. Ƙashin ya yi tsalle, ya kuɓuce, ya daki tiren karkanji. Jan ruwa ya wanke farar laffayar ɗaya daga cikin baƙin. Ƙashi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Aka tuntsire da dariya. Mai rariya har da riƙe ciki.

"Kun gani ko?" Gwaggo ta daga murya. "Soso! Miƙo min nan, in nuna wa 'yan boko yadda aka haifi mata a da."

A nan ne harshena ya saku. "Gwaggo, don Allah kada ki yi. Ki bari."

"Ji min yarinya! Tsoro take ji kada in kunyata ta."

"Ba haka ba ne, Gwaggo, ƙashinki..."

"Ƙashina ya girmi ubanki!"

Ta ɗaga shi sama da hannun dama, ta yunƙura. Man da ke jikinsa ya zame mata, nauyinsa ya ja ta gefe, 'yar kujerar ta goce. Kujerar da tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Ta kai hannun hagu ƙasa don ta tokare.

Ƙas!

Ƙara ce ƙarama, kamar an karya karan dawa. Kowa ya dubi ƙashin sa. Yana nan lafiyarsa lau, kwance cikin ƙasa. Sai muka dubi Gwaggo. Wuyan hannunta ya lanƙwashe ta inda Allah bai yi masa gaɓa ba. Ba ta yi ihu ba. Kallon hannun take yi kamar na wani ne aka ajiye mata.

Gida ya rikice. Wannan na cewa a kira mai ɗori, waccan na cewa a ja hannun ya koma. Ni da ke ɓuya in baƙo ya yi sallama, sai na ji murya ta fito daga bakina wadda ban san ina da ita ba.

"Kada wanda ya ja! Inna, ba ni muciya da ɗankwali!"

Na ɗaure hannun a jikin muciyar tuwonmu, na cire mata awarwaro da zobe kafin ya kumbura, na tallafe ta zuwa mota. Kamaluddeen ya sauke gilashi, ya gan mu, ya ce, "An fasa?"

"An fasa," na ce. "Ja mu je Klémat."

Daktora Sharifa ta sa aka ɗauki hoton hannun, ta ɗaga shi ga haske ta daɗe tana kallo. Ta tambayi Gwaggo daga ina ta faɗo. Da aka kwatanta mata tsawon kujerar, sai ta cire tabarau.

"Hajja, faɗuwar da ba ta isa ta fasa ƙwai ba ita ta karya ki. Yaushe al'adarki ta ɗauke?"

Gwaggo ta dube ni ta wutsiyar ido. Wannan karon ba ta bugi ƙirji ba. "Da daɗewa," ta ce.

"Kin lura kin rage tsawo? Bayanki na ciwo?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Da a lokacinki akwai wanda ya gargaɗe ki, da an tare abin tun da nisa. Yanzu ma ba a makara duka ba, akwai magani. Amma ki kiyaye faɗuwa, don in ƙugu ne ya karye ba hannu ba, magana ce babba."

Aka sa mata filasta har gwiwar hannu. Kamaluddeen ya fita wai zai amsa waya. Muka rage ni da ita a kan benci. Sai na ga ta ƙanƙance, kamar an sace rabinta. Ta yi magana ba tare da ta kalle ni ba.

"Innata haka ta yi. Ta zame a bakin rijiya, ba ta ƙara tashi ba. Muka ce maita ce, har muka daina gaisawa da wata maƙwabciya." Ta ja numfashi. "Ke 'yar nan, abin nan da kika faɗa ranar, sake faɗa min. A hankali."

Na sake faɗa mata, tun daga rumbu har soso. Karo na farko a rayuwata da wani ya saurari bayanina har ƙarshe bai yi hamma ba.

Washegari da hantsi ina shanya, waya ta yi ƙara. Kamaluddeen. Hoton bijimi ya tafi, nasa ya dawo, da sabuwar hula.

"Habibti!!! Albishirinki! Gwaggo ta amince! Ta ce ke ce matar gidan nan, ba wata. Ta ce a sa rana kusa, don ki zo ki riƙa kula da maganinta." Zukata ja guda nawa ban ƙirga ba, sun cika fuskar wayar.

Inna ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta saki guɗa har tantabarun maƙwabta suka tashi. "Romona ya yi aiki!" ta ce, ta ruga ta ƙara wa tukunya wuta.

Ni kuwa na zauna a kan bokiti, ina kallon zukatan nan. Connexion ta gyaru ke nan a Lamadji. Jinina bai canja ba tsakanin jiya da yau. Rumbuna yana nan yadda yake. Abin da ya canja kawai shi ne hannun Gwaggo.

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Daga ƙarshe na tura masa layi ɗaya.

"Ya Kamal, da hannun Gwaggo bai karye ba, da yau kai me za ka ce min?"

Ya karanta. Aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu. Ya tsaya. Na gama shanya, na share tsakar gida, na shanye kwanon romo don kada Inna ta yi magana. Yana rubutu. Sai ya sauka gaba ɗaya.

Can sai waya ta ɗauki ruri. Baƙuwar lamba. Na ɗaga.

"Ɗiyar Idi?" Muryar ta cika min kunne. "Hansai ce."

"Ina kwana, Gwaggo. Ya hannun?"

"Hannu yana nan inda kika ɗaure shi. Ke, yaron nan ne ya shigo min ɗaki yana zufa, ya miƙo min waya, wai kin yi masa tambaya, me zai ce miki. Ga shi nan tsaye a kaina. To ni na ce bari in tambayi mai tambayar. Me kike so in ce masa ya ce?"

'Yan uwa, na yi zaton zan yi kuka. Dariya ce ta zo, irin mai ɗaci, wadda ke fitowa ta hanci. Na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina ya bar wurin fayau.

"Gwaggo, ki ce masa ya huta, ya riga ya amsa."

"Wato?"

"Wato ranar da Daktora ta ce ki koma, zan zo in raka ki. Zan rubuta miki yadda za ki sha maganin, zan zo in duba ki. Amma a matsayin ɗiyar Idi mahauci, ba matar Kamaluddeen ba."

A bayanta ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, me ta ce? Gwaggo?"

"Rufe min baki, ana magana da mutane," ta ce masa. Sannan ta dawo kaina, muryarta ta yi laushi kamar ta dillalin da ya hango karsanar da ba ya so ta wuce shi.

"Na ji, kuma ban ga laifinki ba. Ni na raine shi, na san abin da na dafa. Amma gidana ba ya sakin abin da ya kama. Ajiye wannan a gefe." Ta gyara murya. "Kin san ƙanensa Abdallah? Wancan, tun yana rarrafe bai taɓa jin maganata ba."

Daga kicin Inna ta ƙwala min kira, wai in zo in zaɓi launin ankon biki. Ga waya a kunnena, ga Inna na tahowa da ludayi a hannu tana murmushi har kunne, ni kuma ban san wadda zan fara amsa wa ba.